Amsa ga 'yar ƙanena a Malumfashi: yadda muke bin Almasihu a Damagaram

Ɗiyata, na ji saƙonki, na kuma yi dariya da kika ce wai ashe akwai Kirista a Damagaram, ko kuwa Goggo ta musulunta ne ba ta faɗa ba. Muna nan. Ba mu da yawa dai, a layinmu gidanmu kaɗai ne, amma ba jiya aka fara ba. Tun 1924 turawan mishan na SIM suka sauka a garin nan, lokacin shi ne babban birnin ƙasar Nijar, kafin Faransawa su mai da mulki Yamai a 1926. Daga aikinsu ne EERN, ikkilisiyar bishara ta Nijar, ta fito, kamar yadda ECWA ta fito a wajenku. 'Yan Katolika ma suna da tasu majami'ar.

Abin da muka gaskata bai sauya ba don mun ƙetare iyaka. Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Yesu ya mutu saboda zunubanmu, ya tashi a rana ta uku. Littafi Mai Tsarkin da ke hannunki shi ne a hannuna, na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932. Bambancin shi ne ke kina da unguwa guda ta masu bi, ni kuwa duk wadda zan ara wa turmi Musulma ce. Dole bakinka ya koyi hankali. Maƙwabciyata ta taɓa tambayata, muna tsinkar zogale, yaya za a ce Allah yana da ɗa. Na ce mata, Hajiya, in an ce mutum ɗan Damagaram ne, garin ya yi aure ne ya haife shi? Ba haihuwa irin ta jiki muke nufi ba. Ba ta yarda ba, ban kuma sa ran za ta yarda ba. Muka ci gaba da zogalenmu.

Kiran assalatu shi ne agogonmu. Da ladan ya ɗaga murya sai Baffanki ya tashi yara, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a karanta Zabura ɗaya, a yi waƙa a hankali, kowa ya kawo abin addu'a. Na ji wasu a can gida suna ganin wannan kamar kwaikwayo ne. Ni dai a ganina, wanda ya tashe ka ka gaida Ubangijinka bai cuce ka ba.

Ranar Lahadi za ki sha mamaki. Rabin majami'ar baƙi ne: 'yan Benin da Togo masu gini da ɗinki, Inyamurai masu sai da kayan mota, ma'aikatan gwamnati da aka turo daga yamma. Fasto ya yi jimla da Faransanci, tafinta ya juya ta Hausa, sai wa'azin rabin awa ya koma awa guda, ga zafin Afrilu a ƙarƙashin kwano. Hausar ma sai kin saba. Su "lakwal" suke ce wa makaranta, Kirsimeti kuma "Nowel", baiko kuwa da dala da jaka ake lissafa shi. Zumuntar mata ba ma sa ta ranar Alhamis, don ranar ce kasuwar Dole take ci, ba wadda za ta zo. Da kaka manoma kan kawo ushirinsu gero, a auna da tiya a zuba a ɗakin ajiya, in bazara ta matsa a raba wa gwauraye da marayu.

Baftisma ita ce ke ba mu wuya, don garin nan ruwa zinariya ne. A tamu majami'ar kwarmin siminti aka gina. A shekarar da aka yi wa babban ɗana, 'yan ga-ruwa muka biya suka yini suna juye jarka, aka gama aka kwashe ruwan aka ba shuke-shuke, ko ɗigo ba a zubar ba.

Inda bangaskiya ke shan gwaji shi ne ciwon yaro. Nan take za a kawo miki laya, a kawo rubutu, wata ta nuna miki gidan mai bori, duk cikin ƙauna. Sai ki yi godiya, ki ƙi karɓa ba tare da kin kunyata mai kawowa ba, ki kira dattawan ikkilisiya su yi addu'a, ki kai shi likita. Ba kowa ke iya tsayawa ba, ba zan ɓoye miki ba.

Kin tambayi abin da ya faru a 2015. Ranar Jumma'a ce, 16 ga Janairu, bayan zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa. Aka ƙone majami'u a nan, washegari abin ya kai Yamai. Wasu namu suka fake a barikin soja. Mu kuwa Hajiyar nan ta zogale ce ta shigar da mu ɗakinta, mijinta ya ɗauko kujera ya zauna a bakin zaure har dare, duk wanda ya tambaya ya ce masa iyalinsa ne a ciki. Da ƙura ta lafa muka koma sujada cikin bango huɗu ba rufi, toka na manne mana a zane, fasto ya yi wa'azi a kan gafara. Na yi wata uku ina faɗin kalmar da baki kafin zuciyata ta bi.

In za ki zo, ki daidaita da babbar salla. A nan raguna ake bajewa a kan sanduna a kewaye wuta su yini suna gasuwa, sai washegari a yi rabo, kuma gidanmu kan samu nama fiye da na wasu masu layyar. Da Nowel mu rama da shinkafa da kaji. Ki biyo ta Daura ki shigo ta Maimujiya, ki taho mini da sabon littafin waƙoƙi, nawa bangon ya rabu. Ki gaida babanki.