Shukata mai cin ƙwari tana yin baƙi: ruwan famfo ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanena ya kawo mini tsarabar wata 'yar shuka mai kama ƙuda da ganyenta, wadda Turawa ke kira Venus flytrap. Wata biyu ke nan tana wurina. Ruwan famfo nake ba ta, ran da ba a kawo ba in sayi na 'yan garuwa. Yanzu ganyen sun fara baƙi, sababbin da ke fitowa ƙanana ne, ga kuma wani farin abu a saman ƙasar. Maƙwabciyata ta ce in riƙa tafasa ruwan, ko in bar shi ya kwana. Hakan zai yi? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Farin abin nan da kika gani shi ya ba ni amsar tun kafin in ƙarasa karanta saƙonki. Ɗan uwan wanda ke daskarewa a gindin butar shayi ne, wato ma'adinan da ke narke cikin ruwa, galibi kalsiyam da magniziyam. Ruwan ya tashi ya bar su a nan. Ki daina ba ta wannan ruwan daga yau, in Allah ya so za ta farfaɗo.

Asalin wannan shuka wani ɗan yanki ne a jihohin Karolina ta Arewa da Karolina ta Kudu a Amurka, kewayen birnin Wilminton. Can take fitowa a fadamu masu yashi da tsami, ƙasar da ruwan sama ya wanke har kusan babu abinci a cikinta. Wannan talaucin ƙasar ne ya sa take samun naitirojin ɗinta daga jikin ƙwari. Saiwarta siririya ce, ba ta saba haɗuwa da gishiri ba, wato irin ma'adinan nan da na ambata. Abin da gero ko tumatir zai ɗauka a matsayin abinci, ita ƙonata yake yi: idan gishiri ya taru a ƙasa, saiwar ta kasa jan ruwa, sai ki ga shuka tana bushewa alhali tukunyarta jiƙe take. Kalsiyam kuma yana kashe tsamin ƙasar a hankali, gansakukar da aka dasa ta a ciki ta fara ruɓewa da sauri, saiwar ta bi.

Yadda ake gane ruwan da ya dace shi ne a auna jimillar abin da ya narke a cikinsa, abin da ake rubutawa TDS. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta yarda har zuwa miligiram 500 a lita. Masu renon waɗannan tsire-tsire kuwa suna neman ƙasa da 50. Kin ga ruwa zai iya zama garau, lafiyayye gare ki da 'ya'yanki, ya kuma ninka abin da shukar ke iya jurewa sau biyar ko fiye. Amma ba na cewa ruwan famfo haramun ne ga kowa, domin ruwa ya bambanta. Wanda ya fito daga dam yakan fi na burtsatse sauƙi, domin na ƙarƙashin ƙasa ya daɗe yana gogar dutse. Na 'yan garuwa kuwa yawanci daga burtsatse ko rijiya suke ɗebowa, yau nan gobe can. Akwai 'yar na'ura kamar alƙalami da ake tsomawa a ruwa ta nuna lambar nan take, masu sayar da kayan tace ruwa da na kiwon kifi suna da ita. Ina ganin sayenta ya fi kowace shawara da zan ba ki amfani.

Maganar maƙwabciyarki tana da tushe, amma ba ta taɓa ciwon ba. Barin ruwa ya kwana a buɗe yana fitar da kulorin, wanda hukumar ruwa ke zubawa don kashe ƙwayoyin cuta. Ma'adinan suna nan daram. Akwai ma wani nau'i da ake kira kuloramin wanda kwana ɗaya ba ya fitar da shi. Tafasawa tana kwantar da wani ɓangare na kalsiyam, amma tururin da ya tashi ruwa ne zalla, sauran gishirin ya zauna cikin ruwan da ya ragu. Ƙananan matatun gida masu gawayi su ma ɗanɗano da wari suke gyarawa.

Ga abin da ya fi damuna game da yanayinmu. Ana renon shukar ne da ajiye tukunyarta cikin faranti mai ɗan ruwa. A ce ruwanki yana da miligiram 200 a lita. Kafin lita goma su bi iska, giram biyu na ma'adinai sun zauna cikin 'yar tukunyar da ba ta fi kofi ba. A ƙasashe masu sanyi wannan yana ɗaukar lokaci, ruwan sama kuma yana wankewa. Mu nan, daga hunturu zuwa bazara, faranti kan bushe cikin yini ɗaya, ba kuma ɗigon ruwan sama na tsawon watanni. Wata biyun da kika ambata sun isa.

Cikin ruwan da ya dace da ita, ruwan sama shi ne na farko, kuma kyauta ne. Ki bar ruwan farkon damina ya wuce, haka ma mintocin farko na kowane ruwa, su wanke ƙurar kwano. Sannan ki tara daga indararo cikin jarka ko duron roba, ki rufe saboda sauro. Kada ki zuba a randa ko tankin siminti, suna sakin ma'adinai. Shuka ɗaya ba ta shan da yawa, jarka biyu ko uku za su kai ki nesa cikin rani. Kafin damina, ki nemi tataccen ruwan da ake ƙarawa batirin mota, amma ki karanta jikin gorar da kyau, ki tabbata ba wanda aka haɗa da asid ba ne. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki shi ma ma'adinansa kaɗan ne, in dai bututun ba datti. Ruwan leda da na gora ba su da tabbas: wani kamfani yana tacewa har ma'adinan su fita, wani bai kai nan ba. Ki auna kafin ki yarda.

Yanzu ceton wadda ke hannunki. Ki kankare farin nan daga sama, ki ɗaga tukunyar daga farantin, ki kwarara mata ruwa mai kyau har ya fita ta ƙasa, sau uku ko huɗu, ki zubar da abin da ya fito. Ki wanke farantin. Idan bayan mako uku sababbin ganye ba su fito da kyau ba, a sake mata ƙasa: gansakukar sfagnum da wankakken yashin silika, cikin tukunyar roba. Ban da ƙasar lambu, ban da taki ko na kaji ko na zamani. Ki duba gindinta, wani ɗan farin kai ne kamar na albasa. Matuƙar yana da fari da tauri, shukar tana da rai, ko da duk ganyen sun yi baƙi. Kuma ki sani kowane tarko yana rufewa 'yan lokuta ne kawai ya mutu, don haka ki hana yara tsokanarsa da tsinke.

Wani abu da ba ki tambaya ba, amma ba zan ɓoye miki ba: wannan shuka tana buƙatar barcin sanyi na wata uku zuwa huɗu duk shekara, irin sanyin da Kaduna ba ta kaiwa ko a tsakiyar hunturu. Wasu sukan sa ta a firji a wannan lokacin. In kin ji sha'awar ƙara wata, ki nemi Nepenthes, ita ma shuka ce mai cin ƙwari, mai ganye kamar 'yar gora, 'yar dazuzzukan Borniyo da Sumatara. Ba ta barcin sanyi, kuma ta fi haƙuri da ruwan da ke da ɗan ma'adinai, sai dai iskar hunturu tana busar mata da gorunan, don haka a lokacin ki matsar da ita inda iska ba ta bugawa.