Amsa ga ƙanwarmu mai shirin fita TP

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kina NCE, karatun zama malama, za ki fita TP, wato gwajin koyarwa a makaranta, Hausa za ki koyar, kuma abin da ke damunki wai ya za ki koya wa yara insha'i alhali ke kanki ba ki ɗauki kanki marubuciya ba, in ban da aikin makaranta da shirin darasi ba abin da kike rubutawa. To ni na daɗe ina koyar da Hausa a ƙaramar sakandare nan Tudun Wada, bari in gaya miki abin da na gani da idona.

Duk rubutun da za ki ba yara ke ma ki yi shi, kuma a gabansu a kan allo. Ba wai ki tsara shi a gida tsaf ki zo ki kwafe musu ba, a'a, ki riƙe alli ki fara, ki tsaya, ki goge, ki ce kai wannan jimlar ba ta zauna ba ku taya ni. Na taɓa ba 'yan JS2 insha'i kan "Kasuwar Sabon Gari", ina rubuta nawa na sa mai nama ya ce "sannu da zuwa Hajiya", wani ɗan tsurut daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce Malama ai ba haka suke cewa ba, cewa suke "Hajiya na nawa za a yanka", ajin ya kwashe da dariya muka sa nasa. Daga ranar yaran nan suka daina jin tsoron gogewa, ni ma kuma tun da na fara haka hannuna ya sake, don in kin san ido hamsin na kallonki dole ki nemo kalmar da ta dace.

Kuma wannan maganar ta sai an buga wa mutum littafi zai zama marubuci, ki ajiye ta. Nan Zariya aka shirya gasar ƙagaggun labarai ta 1933, Abubakar Imam lokacin malami ne a Midil ta Katsina, Tafawa Ɓalewa ma malami ne a Bauchi, daga aji suka yi rubutunsu. Sai a 1939 Imam ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Ki sayi ɗan littafi daban wanda ba na darasi ba, kullum in an tashi ki rubuta ko layi biyar ne kan abin da ya faru a aji, wa ya yi kuka, wace tambaya ta ɗaure miki kai. Kar ki jira malamin da zai zo duba ki ya yaba, shi shirin darasi da yadda kika riƙe aji kawai zai duba ya ba da maki ya wuce, ba laifinsa ba ne ɗalibai sun masa yawa.

Sai ƙa'idar rubutu, wannan kam ba ragi. Rubutun WhatsApp ya ɓata mu, "shine" a haɗe, ƙ da ɗ da ɓ duk babu ƙugiya, in kin kai haka allo yara za su kwafa har jarrabawa. Ki samu ƙawa ɗaya cikin 'yan TP ɗinku ku riƙa musayar littafin nan duk Juma'a, ta karanta naki da ƙarfi kina ji, inda ta yi tuntuɓe nan za ki gyara. Allah ya ba da sa'a, wace makaranta aka tura ki?