Tambayoyinku: Wane gwangwanin kek ne ba ya yoyo a tukunyar firesha ta lantarki?

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Zariya: Assalamu alaikum Malam, na san waya da kwamfuta aka saba tambayarka amma tunda ita ma wannan na'ura ce dan Allah a taimaka. Maigidana ya sayo min tukunyar firesha ta lantarki mai lita 6, na gasa kek a ciki da gwangwanin nan mai maƙulli a gefe, sai kwaɓin ya tsiyaye cikin ruwa, saman kek ɗin ya jiƙe, yanzu ma gwangwanin ya fara tsatsa. Wane iri zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, ai duk abin da ake jonawa a wuta namu ne. Abu na farko da nake so ki riƙe, wannan tukunyar ba obin ba ce, ba gashi take yi ba turarawa take yi. A obin iska ce busasshiya mai zafin digiri 180 ko kusa da haka, nan kuwa tururi ne aka kulle ya rasa hanyar fita, zafinsa kan tsaya wajen digiri 115 zuwa 118 a irin su samfurin tukunyar da ake kira Instant Pot, kuma ko'ina a ciki a jiƙe yake. Toh gwangwanin da kika sa an ƙera shi ne saboda obin, yawancinsu baƙin ƙarfe ne aka shafa masa fentin hana kamu, kuma tururi yana bin duk inda fentin ya ɗan karce, musamman wajen maƙullin da cikin ramin da gindin yake zama, daga nan tsatsa take farawa kuma in ta fara ba ta komawa baya.

Yoyon kuma daga ƙirarsa ne, gindi daban gefe daban, ƙarfe ne kawai ya hau kan ƙarfe babu roba a tsakani. A obin kwaɓi yakan kama da wuri sai ya toshe kafar da kansa, a tukunya kuwa yana daɗewa a ruwa-ruwa kafin zafi ya taru, shi ya sa yake samun lokacin tsiyayewa.

Ni dai in za ki bi tawa, ki sayi gwangwani wanda yake guda ɗaya, babu gindin cirewa babu maƙulli, wanda aka buga daga falle ɗaya ba ɗinkin walda a kusurwa. Wanda ba shi da mahaɗa ta ina zai yi yoyo? Ki shafa mai, ki shimfiɗa takardar gashi a gindi, kek zai fito lafiya in kin kifa. Sai in abin da kike yi ba ya son kifawa, kamar cizkek wato kek mai laushi da ake yi da cuku, toh ki nemi mai gindin turawa sama wanda aka zagaye bakin gindin da robar silikon, wannan robar ita ce take riƙe ruwa, kuma ya fi mai maƙulli nesa ba kusa ba.

Wajen ƙarfe biyu ne zan ce ki duba. Akwai sitenles mai lamba 304, wani lokacin a rubuta 18/8 a gindinsa, wato kashi 18 kuromiyam kashi 8 nikel, wannan ba ruwansa da tururi kuma ko abinci mai tumatir kika sa ba ya canza ɗanɗano, sai dai yana ɗan jinkirin ɗaukar zafi sai ki ƙara mintuna kaɗan. Akwai kuma alminiyum wanda aka ƙarfafa fatarsa da lantarki, anodayiz ake ce masa, irin na kamfanin Fat Daddio's, yana ɗaukar zafi da sauri kuma ba ya tsatsa, amma da hannu ake wanke shi kar a kankare. Kar ki yarda da gwajin maganaɗisu shi kaɗai da masu kaya suke yi a kasuwa, saboda sitenles mai arha lamba 201 shi ma maganaɗisu ba ya kama shi sosai amma yana iya tsatsa, ki duba lambar da nauyinsa a hannu, in kika danna gefe ya lanƙwashe ki ajiye musu abinsu.

Girma kuma, mai lita 6 inci 7 take ɗauka wato santimita 18, mai lita 8 inci 8, tsayin gwangwani kar ya wuce inci 3. Ki auna cikin tukunyarki kafin ki fita, ki bar sarari kamar faɗin yatsa a zagaye saboda tururi ya samu hanya, kuma ki tuna wasu suna da leɓe ko hannu a gefe wanda yake ƙara faɗi.

Jiƙewar saman kuwa ba laifin gwangwani ba ne, ruwan da ya taru a murfi ne yake ɗigowa. Ki rufe bakin gwangwanin da foyil wato takardar alminiyum, ki matse gefe amma ki bar wa kek wurin tashi, ki zuba ruwa kofi ɗaya da rabi a tukunya, ki ɗora a kan ƙarfen nan mai ƙafafu da ya zo da ita kar gindin ya taɓa ruwa. In ta gama ki bar ta minti 10 zuwa 15 ta huce da kanta, sakin tururi farat ɗaya yana sa kek ya faɗa.

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Maraɗi: Malam na silikon fa da kwanon gilashi, za su yi?

Amsa: Na silikon yana yi ɗan'uwa, mai kyau yana jure sama da digiri 200 kuma ba ya yoyo, matsalarsa laushi, in ka cika shi ka ɗaga sai ya lanƙwashe ya zubar, don haka ka ɗora shi kan ƙarfen tun kafin ka zuba kwaɓi. Yana kuma riƙe wari, wanda aka yi abu mai albasa a ciki kar a yi kek da shi. Gilashi sai wanda aka rubuta yana shiga obin, babu tsagewa ko ɓantarewa, kar a ɗauko shi daga firij a sa kai tsaye, kar kuma a sauke shi da zafi a kan tayil mai sanyi ko wuri mai ruwa, canjin zafi na farat ɗaya ne yake fasa shi.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Kaduna: Ni alala nake so in riƙa yi a ciki, zan iya amfani da gwangwanin madara ko leda kamar yadda muka saba?

Amsa: Leda kam dan Allah a'a Hajiya, wannan da gaske nake. Leda mai laushi tana fara narkewa tun wajen digiri 105 zuwa 115, a tukunyar gargajiya ruwa ba ya wuce 100 amma wannan ta wuce nan, kinga kenan za ta iya narkewa a jikin abincin yara, in ta fashe kuma ƙullu ya yi sama zai iya toshe kafar da tururi yake fita, ita kuwa wannan kafar tana cikin abubuwan da suke tsare tukunyar. Gwangwanin madara da na tumatir ba don a yi ta maimaita dafuwa aka yi su ba, yawancinsu akwai shafe a ciki da yake ɓarewa, ga tsatsa ga kaifin baki. Ki nemi ƙananan kofunan sitenles masu murfi, ko farantin silikon mai ramuka bakwai da ake yin ƙwai da shi, daidai yake shiga mai lita 6. Ki shafa mai, kar ki cika su fal saboda alala tana tashi, kashi biyu cikin uku ya isa. In kin fi son ganye shi ma ba laifi, ki jera su a kan ƙarfen bakin yana kallon sama kuma kar tulin ya kai kusa da murfi.