Amsa: Farin ɓawo a butar lantarki da hita

Malam, farin ɓawon da kake tambaya a kai, wanda ke manne a gindin buta, ba datti ba ne. Ruwanku ne mai zartsi, wato ma'adinan kalsiyam da magnesiyam sun yi yawa a ciki. Da zarar ya yi zafi sai kalsiyam ɗin ya kwanta ya zama dutse, irin farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Kalambaina da ke Sakkwato. Ruwan burtsatse ya fi na dam yawan wannan.

Gwaji mai sauƙi: rabin gora na ruwa, ɗan garin sabulun sanda, ka girgiza. In ya yi fari kamar tsala ba kumfa, zartsi ne. A awo, ƙasa da miligiram 60 na waɗannan ma'adinai a lita ruwa ne mai laushi, sama da 180 kuwa ya yi tsanani.

Ɓawon yana lulluɓe ƙarfen da ke dumama ruwa, zafi ya kasa fita, cin wutar lantarki ya ƙaru, ƙarshe ƙarfen ya ƙone. Ga buta, zuba binega da ruwa rabi da rabi, ko ruwan lemon tsami, ka tafasa, ka bar shi awa ɗaya, ka ɗauraye sau biyu. Kada ka kankare da wuƙa. Hita kuma a tsayar da ita a digiri 60, sama da haka ɓawo ya fi saurin taruwa.

Alam ba ya maganin zartsi, laka kawai yake kwantarwa. Batirin inbata kuwa, kada ruwan famfo ya kusance shi, sai ruwan batir, wato tataccen ruwan da aka cire wa waɗannan ma'adinai.