Dishewar murya bayan zikirin Juma'a

Ɗan'uwa daga Gusau, ka ce muryarka na dishewa duk sanda kuka tashi daga hailala. Galibi daga mai jan baki matsalar take farawa. In ya ɗauko da sama tun farko, jama'a sai su bi shi da maƙogwaro, kafin magariba kowa ya gaji. Kamata ya yi ya fara ƙasa-ƙasa, a hankali, kamar minti 10, sannan ya ɗaga.

Kai kuma ka zauna a miƙe, ka ɗora hannu a cibiya. In ka ja numfashi, ciki ne zai taso, kafaɗa ta tsaya cik. Kalmar La'ilaha illallahu sau biyu ko uku ta ishi numfashi ɗaya. Wanda ya matse sai ya kai biyar shi ke kwana da zafin wuya. Natsuwar da ake nema ma a numfashin nan mai tsawo take sauka.

Da hunturu ƙura na busar da maƙogwaro, don haka ka sha ruwa mai ɗumi tun da hantsi, da dare ka yi sirace. Bar yawan kakari da raɗa, suna ƙara gajiyar da murya. Dishewar da ta wuce mako 3 kuwa, a je wa likitan maƙogwaro.