Ciyawata na raguwa duk da takin da nake zuba mata

Tambaya: Na shuka ciyawar giwa don shanuna. Duk mako 3 nake yanka ta, kuma bayan kowane yanka ina watsa mata yuriya. Da farko ta yi kyau sosai, amma yanzu tohon sai ƙanƙancewa yake, wasu gindin ma sun bushe. In ƙara taki ne?

Amsa: Malam, kada ka ƙara. Lauje ne ya yi mata yawa, takin kuma yana taya shi.

Ciyawa mai shekara da shekaru, irin ta giwa ko gamba, tana tara sukari da sitaci a gindin kararta da saiwoyinta. Wannan shi ne rumbunta. Ganye ne ke haɗa abincin daga hasken rana, to ranar da ka yanke shi, sabon toho daga rumbun yake ci har sai ganye ya yi faɗin da zai ciyar da kansa. Sai bayan nan ne ciyawar ke fara mayar da abin da ta ɗiba. A mako 3 ba ta gama mayarwa ba ka sake dawowa.

Yuriya kuwa, kashi 46 cikin 100 nata sinadarin naitirojin ne, aikinsa tura ganye ya fito da sauri. Ganyen nan kore shar da ke burge ka, da sukarin da ya kamata a adana aka gina shi. Shi ya sa yawan yanka haɗe da yawan yuriya ya fi komai talauta gindi. Tona ɗaya daga cikin waɗanda suka raunana ka gani: saiwoyin gajeru ne, sirara, ba su nutsa ƙasa ba.

Bar ta ta yi mako 6 zuwa 8 da damina, ko ta kai kamar mita 1. Kada kuma ta wuce haka da yawa, don kara zai yi tauri shanu su bar maka shi a kwami. In za ka yanka, bar kututture na santimita 10 zuwa 15, kada ka share har ƙasa. Takin ka raba shi kashi-kashi, ka zuba ƙasa na da danshi, ka haɗa da kashin shanunka. Idan damina ta doshi ƙarewa, dakatar da yuriya, ka ɗaga mata ƙafa ta tara abin da za ta ci rani da shi. Gindin da suka mutu sai ka dasa sababbin kara a gurbinsu da ruwan farko.