Amsa ga 'yar'uwa mai tambaya daga Birni

Kin ce ɗanki shekararsa 6, magana ba ta zauna ba, a lakkwal an maido miki shi, surukarki kuma ta ce iskoki ne. Yaya, ki kai shi Babban Asibitin Damagaram tukuna, a duba kunnensa da farko, don kurumta kan yi kama da jinkirin basira.

Bincike ya nuna kusan mutum 1 cikin 100 a duniya na da wannan lalura ta jinkirin basira. Wahalar haihuwa, sanƙarau, zazzaɓin sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, rashin gishiri mai aidin lokacin goyon ciki, duk suna kawo ta. Har gubar dalma, irin wadda ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Farfaɗiya ta fi yawa ga masu jinkirin basira, ita kuwa tana da magani.

Abin da ba a faɗa shi ne gajiyar uwa. Ƙanwata ta shekara 3 ba ta taka gidan biki ba, kullum yaro a baya, tana daka da shi. Sai da muka raba kwana tsakaninmu ta samu barci. Ki zaunar da maigida ku yi wannan rabon tun yanzu.